Tarihin Mai Famfo da Hanyar da Iska Ke Buɗewa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi Mai Famfo a shekarar 1951, a tsohuwar unguwar da ke cikin kwari, wadda yau ruwa ya rufe. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya yi makaranta har aji biyar, malamai suna kukan ya fi kallon taga bisa ga allo, daga nan ya koyi gyaran injin ban ruwa.

Aure

A 1974 ya auri 'yar telan unguwar, mace mai barkwanci, wadda kan ce mijinta ya san lafiyar kowane famfo a gari ban da na gidansu. Allah ya yi mata rasuwa a 1989, aka binne ta a maƙabartar da ke kan ɗan tudu a tsakiyar kwarin. Bai sake aure ba.

Aiki

A 1996 aka kafa manyan fankokin iska masu samar da wutar lantarki a bisa dutse, aka haƙa tafki biyu, ɗaya a sama, ɗaya a kwarin, bayan an tashi mutanen unguwar. Idan iska ta yi ƙarfi wuta ta yi rara, sai famfuna su tura ruwa sama a ajiye. Idan ta kwanta, a sako shi ya juya injuna, gari ya samu haske. Abin al'ajabi, ruwa ɗaya ne ke ta hawa da sauka, har da ƙananan kifaye.

Marigayin aka ɗauka aikin kula da famfunan. Maƙabartar kuwa ta zama tsibiri, kuma an hana shiga da kwale-kwale saboda jan ruwa. Sai an kwashe tafkin ƙasa tsohuwar hanya ke bayyana, sulɓi duk ya rufe ta. Saboda haka ranar iska ce ranar da yake ziyartar kabarin matarsa, abokan aiki suna tsokanarsa wai ango zai je zance. Wasiyyarsa guda ce: a kwantar da shi kusa da ita.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2013, babban ɗansa ya gaje shi a ɗakin famfo. Ya rasu da safiyar wata Talata a 2021, ko ganye ba ya motsi, ruwa na gangarowa, hanya ta nutse. Ƙannen suka roƙi yayansu ya tayar da famfuna don hanya ta buɗe. Ya ce, “Ruwan nan shi ke riƙe da wutar asibiti. Ku yafe mini, ba zan iya ba.”

An jira iska har la'asar, ba ta zo ba. Aka yi masa sutura, aka binne shi a sabuwar maƙabarta da ke gefen dutse, inda ake hango tsibirin.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Babban Yaya mai famfo, Malama, Direba, da Auta mai ɗinki. A ranar iska sukan raba kansu, biyu su hau dutse, biyu su bi hanyar kwari. Allah ya jiƙan su duka biyun.