Shingen da Na Ce Na Kowa Ne

A shekarun da aka fara jam'iyyu, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Gure, tudun rairayi ya soma gangarowa cikin kwarin da kawuna yake da dabino goma sha ɗaya. Da su yake ci da gidansa. Ma'aikatan wani furoje, irin shirin nan na raya karkara, suka zo da dabara: a kafa shingen kaba layi-layi a kan tudun, ya riƙe yashi. Mutanen kwari suka yi wata biyu suna kafawa. Ranar da aka gama, shugaban furojen ya yi jawabi da Faransanci, aka ce ni zan yi tafinta, tunda ni ne na ƙoshi da boko.

Ya ce shingen dukiyar tarayya ce. Maganar ba baƙuwa ba ce a wurina. A makarantar horon malamai mun haddace masanan Faransa na dā, masu cewa ƙasa da ruwa ba gadon mutum ɗaya ba ne. Na gyara murya na ce, "Shingen nan na kowa ne."

Kawu ya ja hannun rigata, ya kira ni da laƙabin da ake kiran malaman lakwal da Faransanci. "Mushe, na kowa ka ce, ko namu?"

"Duk ɗaya ne, Kawu."

"To. Lalle boko ya ci gaba."

Ba ɗaya ba ne. Rijiyar da muke ce wa tamu tana da layin shayarwa, da mai tsawatarwa, da kunya. Na kowa kuwa kamar hanya yake: wa ya taɓa share ta? Mai girki ta zari na hura wuta, mai awaki ya zari na garke. Ba wanda ya yi sata. Ni ma da dangar bayan gidana ta faɗi, na je na cika hannu biyu. A kan hanya na yi kiciɓis da Kawu, ya dubi kabar, ya dube ni.

"Sannu da aiki, Mushe. An ɗebo rabo?"

Cikin shekara huɗu yashi ya kai wa dabinon wuya. A tsaye ake tsinke ƴaƴansu, ba sai an hau ba. Kawu ya ce wannan ma ci gaba ne. Da na ƙarshe ya bushe, ya koma Kelle wurin ƴarsa, can ya rasu.

Dangata kuwa ta yi ƙarko, ta kai shekara tara.