Saniyar Maigidana da Darasin Gyaɗa

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ni ke faɗi, ana rubutawa.

Na bar Dakoro kafin kiran asuba, kwana kaɗan da fita takaba. Har yau kuka nake, ba na ɓoyewa. Kafin maigidana ya rasu, ya ba amininsa Juli saniya habbanaye: sai ta haifa masa maruƙa uku sannan ta dawo. Biyu ta haifa. Jikana Isufu, ɗan kolej a Maradi, ya zo gaisuwa ya ce a karɓo ta a sayar a sayi irin gyaɗa. Wai mushensu, wato malaminsu na kolej, ya ce dabbar da ba a sayarwa asarar ƙasa ce. Na ce sai na ga mushen nan.

Hanya

Kamyon na shiga, babbar motar fatu, dala arba'in. Bayan Ajekoriya muka kafe cikin rairayi, maza suka tura. A Sabon Maci jandarma ya leƙo.

"Kaka, ina kartinki na shaida?"

"Ɗana, na girmi kart."

Ya yi dariya, ya ɗage sandar shinge.

Maradi

Da magariba na sauka gidan ƙanwar maigidana. Ta kawo tuwon hatsi, muka yi ta kuka har ya huce.

Da hantsi Isufu ya kai ni kolej, yana jan ƙafa. Mushen yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujerarsa. Na tambaye shi inda ya samo zancen sayar da dabba.

"Inna, ba mu da malamin tattalin arziki. Labarin ƙasa nake koyarwa. Darasin shafi biyu ne a littafin, daga Faransa aka kawo shi."

"Akwai habbanaye ciki?"

"Babu. Amma mun samu ƴanci, da gyaɗa za a gina ƙasar nan."

"Ku gina. Ban da alkawarin mamaci."

Bai yarda ba, ni ma haka. Isufu ya ce a hankali, "Kaka, kina kunyata ni."

"Angona, kunyar da za ka ja wa kakanka a rugar Juli ta fi wannan."

Bai raka ni tasha ba. Wannan ya yi mini ciwo har Sabon Maci.

Dakoro

Washegari da la'asar sakaliya na iso. Saniyar na ɗaure a ƙofar gidana, Juli na tsugune gefenta. Zance ya kai masa, ya kawo ta da kansa don kada a ce ya riƙe kayan marayu.

Na kwance igiyar, na sa masa a hannu.

"Saura ɗaya, Juli. Koma da ita."

Na gode wa Allah da ya maido ni kafin ranar kasuwa, da an kai ta an sayar.