Sitikar da Nake Ɓarewa a Jikin Buhu

Ko zan manta ranar da jirgi ya sauke mu a Malesiya, ba zan manta da buhunan shinkafar lokacin korona ba, don su suka koya wa bakina, wanda ba ya gajiya, cewa akwai ranar hisabi tun a duniya.

A hawa na tara muke a wani bene a unguwar Danau Kota. Maigidana yana digirinsa na uku, ni kuwa nawa digirin a kicin yake. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata 'yar ƙasar ce, doguwa, kullum mayafinta tsaf, amma muryar ta maza. Namiji aka haife ta, ta koma rayuwar mata. Zan ce "ita" don haka take so a kira ta, kuma na ci shinkafarta. Tana aiki da wata ƙungiya mai kare haƙƙin irinta da na masu neman jinsi, har da neman a bar su su yi aure.

Mu matan Hausawan yankinmu na Setapak muna da zaurenmu a waya, kuma ni ce mai ba da dariya. Allah Ya ba ni kunne, in na ji murya sau ɗaya sai in juye ta. Kullum muka haɗu a lif, na'urar hawa bene, takan ce, "Kak, makan?" wato yaya, an ci abinci? Ina shiga gida sai in kwaikwaye ta in tura, mata su yi ta faɗuwa. Hajiya, matar wani malamin jami'a, wadda ita ce uwarmu a can, har takarda ta sa aka rubuta wa masu kula da benen cewa a tashe ta saboda tarbiyyar yara. Kullen korona ne ya hana a tattara sa hannu.

Sai cutar ta kama maigidana. Aka tafi da shi wurin killacewa, ni da yara biyu aka ɗaura mana abin hannu na alamar killacewa, ba fita har sati biyu. Na faɗa a zaure. Wallahi na sha addu'a, har da mai hoton fure. Ban ga laifinsu ba, kowa tsoro yake, gidajensu ma tukunyar ta fara haske. Amma addu'a ba ta dahuwa da manja. Ranar ta huɗu sauran gwangwanin shinkafa ɗaya gare ni.

Aka ƙwanƙwasa. Na leƙa ban ga kowa ba sai kwano a rufe da buhu a ƙasa. Daga can bakin lif, ta cikin takunkumi, na ji, "Kak, makan." Ba tambaya ba ce wannan karon. Muryar da na fi kowa iya kwaikwaya! Na tsaya ina lissafin ko ya halatta, ƙaramar 'yata kuwa ta riga ta buɗe kwanon ta gama nata ijtihadin.

A buhun akwai shinkafa, mai, ƙwai da madara, a jikinsa kuma ga sitika mai launin bakan gizo, alamar ƙungiyarsu. Ni dai ba a raine ni in mayar da kwano haka ba. Na wanke shi na zuba yajin da na taho da shi daga Kano, na tura mata da tsintsiya. Washegari ta turo shi da miyar kifi, tana tari tana cewa yajina ya kusa yi mata abin da korona ba ta yi ba. Haka kwano ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙofa biyu.

Da aka cire mana abin hannu, da guntun Turancina na gaya mata akwai gidajenmu shida da ke cikin matsi. Ta ce, "Boleh lah," wato ba komai. Duk Juma'a buhuna suka riƙa zuwa, ni kuma in zauna da wuƙa in ɓare sitikar tsaf kafin in aika. Da aka tambaye ni sai na ce wasu bayin Allah ne. Ban yi ƙarya ba.

Azumi ya kama. Hajiya ta turo saƙon murya na minti biyar, tana kuka. "Ya Allah, waɗannan bayi naKa, Ka ɗaukaka aikinsu! Ka yaɗa shi har Najeriya! Ka biya musu duk abin da suke nema, Ka haɗa mu da su a makoma!" Mata suka jero amin kamar ruwan sama. Ni ma na ce amin, amma a hankali.

Bayan sallah aka sassauta kulle, sai Hajiya ta tuna da takardarta. Ta kira ni. "'Yata, ke ce maƙwabciya, sa hannunki ne zai fara. Kafin wata ya ƙare a fitar mana da shi."

Na san in aka tashe ta ba mai ba ta haya da sauƙi, ta taɓa gaya min gidan nan ne na biyar da ta nema. Na kuma san in na yi magana, zaure zai yi min wuya. Na buɗe durowar kicin inda na tara sitikun, na shimfiɗa su a faranti, na ɗauki hoto na tura zaure. Sannan na naɗi murya, tawa ta gaskiya wannan karon. Na ce, "Hajiya, ga bayin Allahn da kika yi wa addu'a. Ni ba zan sa hannu ba."

Can wata ta rubuto, "To azumin da muka yi da shinkafarsu fa?" Wata ta ce na ci amanarsu, ta fita. Takardar kuwa ban ƙara jin labarinta ba. Ranar Alhamis Hajiya ta kira ni ita kaɗai, muka gaisa har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rage murya ta ce, "Na gobe akwai mai a ciki? Ki dai ɓare abin nan."

Na faɗa wa maƙwabciyata komai, har kwaikwayon. Ta ce in yi ta ji. Na yi. Ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce ta daɗe da sanin ina ɓare sitikar, cikin mutum ba ya karatu.

Ni ba malama ba ce. Maganar aurensu ban iya ta ba, na bar wa Mai sama, kuma addinina yana nan inda yake. Abin da na koya shi ne haƙƙin maƙwabci da nake ji a wa'azi tun ina yarinya, wadda nake yi wa dariya ce ta sauke shi a kaina. Tun daga nan, in bakina ya fara ƙaiƙayin kwaikwayon wani, sai in tuna ban san a ƙofar wa yunwata ta gaba za ta tsaya ba.