Shatin Yatsan Yaya Lawal a Fiffiken Hagu

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Lawal makwancinsa, kuma har yau in na bi ta bakin boda sai idona ya je gindin bedin, wato dogon yaron, da yake zama. Yanzu mai sai da man fetur a kwalba ne a wurin. Ni ban yi boko mai nisa ba, aji huɗu na tsaya, don haka wanda ke neman daɗin baki ya juya shafi.

Yaya maƙerin jirgin sama ne. Ba na hawa ba, na gwangwanin lemo. Direbobin Maraɗi da na Katsina, in suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, su sake musu takardu, nan suke taruwa suna kallonsa. Wasu masu wannan sana'a fenti suke laftawa jirgi, don fenti mai rufa asiri ne. Shi ko kankare gwangwanin yake da sanfefa, ya bi shi da toka da tsumma, har sai ƙarfen ya fito tsirara, kana ganin haƙoranka a ciki. Yakan ce ƙarfe tsirara ba ya ɓoye laifin kowa.

Wahalar tana wurin sitika. Wani direba ke kawo masa irin ta ruwa, wadda ake jiƙawa a ruwan ɗumi ta sulɓe daga takarda. Kowace tana da farin gefe kamar leda. A kan fenti ba a ganinsa, amma a kan ƙarfe mai sheƙi sai ya fito kamar kyasbi a fuska. Sai Yaya ya ɗauki reza ya bi gefen kowane harafi yana yankewa, ya ɗora, ya kore iskar da auduga. Tutar Najeriya a fiffiken dama, ta Nijar a na hagu. Kuma dokarsa ɗaya ce: ba a taɓa ƙarfen da hannu. Ran da na ɗauki wani jirgi bayan na ci ƙosai, kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

"Kai Sani, hannunka na dako ne," in ji shi. "Tahi ka ɗauki buhu."

Na tafi na ɗauki buhun. Har yau shi nake ɗauka, in an samu, don tun da aka fara rufe boda ana buɗewa kamar ƙofar banɗaki, dakon ma ya zama sai wanda Allah ya ciyar. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Jiragen roba sun cika kasuwa, sitikarsu a karkace, kuma mutane na saye suna murna. Waɗanda suka riƙa ce masa sarkin aiki, ko ɗaya bai taɓa tsayar da ni ya tambayi iyalinsa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Jirginsa na ƙarshe a wurina ya bar shi. Ya goge shi, bai kai ga sa sitika ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Sitikun suna cikin ambulan, ya riga ya yanke gefensu. Sai bayan sadakar bakwai na buɗe tsumman da jirgin ke naɗe a ciki na ga abin da ban taɓa gani a aikinsa ba: shatin babban yatsa a fiffiken hagu, daidai wurin tutar Nijar. Man zafin da yake shafawa ne. Mutumin da ya hana duniya taɓa ƙarfe, ƙarfinsa ya ƙare har ya dafa shi.

Watan jiya ɗiyarsa Rabi, wadda yanzu malamar asibiti ce, ta zo ta zauna a tabarmata.

"Baba Sani, ka ƙarasa min jirgin nan in kai ɗakina. Shekara tara yana cikin tsumma kamar gawa."

"Sitika ba ta kama wurin maiƙo. Sai an goge."

"To a goge mana."

Na miƙa mata fiffiken a hasken ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta sake cewa a goge ba.

Na ƙarasa shi ranar wata Juma'a da hantsi, da hannun nan na dako a naɗe cikin tsumma. Tutar dama ta ɗan karkace, kuma akwai iska a ƙarƙashin harafi ɗaya na wutsiya. Da yana nan da na sha zagi, kuma wallahi da na so in sha.

Ba shi da hoto ko ɗaya. Bedin ya zama na wani, jiragen da ya sayar sun bi motoci sun watse tsakanin nan da Maraɗi. Abin da ya saura na jikinsa a bayan ƙasa shi ne kuskure ɗaya da ya yi a rayuwar aikinsa. Jirgin yana ɗakin Rabi yanzu, fiffiken hagu ba tuta. Duk baƙon da ya ce ba a gama shi ba, takan ce masa ya duba da kyau, amma kada ya taɓa.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi.