Kunnen da Saratu Take Ba Ni

Ƙarfe bakwai da kwata na yamma, ranar wata Laraba bayan girbin dawa, mu huɗu ne a bakin wuta a gidanmu na gefen Zuru: Kaka uwar babana, innata, ƙanwata Ladi, da ni. Na san lokacin daidai domin agogon babana yana hannuna. Shi yana bariki a Kaduna, ya bar mini agogon in riƙa murɗa shi kowace safiya don kada ya tsaya, ni kuwa na mai da shi sarauta. A cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina ɗan shekara tara ko goma. Duk waɗanda na lissafa sun rasu, sai ni.

Zan faɗi dalilin wannan rubutu tun yanzu, don ba na son kwana-kwana. Ɗiyata Rifkatu, ita kaɗai Allah ya bar mini, ta shekara biyu ba ta taka gidana ba. Tana aure a Dirin Daji. Tana aiko gaisuwa, tana aiko doya, amma ba ta zuwa. Laifina ne, kuma Kaka ta nuna mini laifin tun a wannan yamma, sai dai na kwashe fiye da shekara hamsin kafin in gane.

Kaka tana da ƙa'ida. Ba ta fara tatsuniya sai ta zaro karan dawa guda daga dami, ta sa bakinsa a wuta, kowa ya yi shiru har ya cinye zuwa gaɓa ta uku. Daga nan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambayi abin da muka ji. Inna takan ce ta ji gyare. Ladi, da yake yarinya ce mai sanyi, takan ji abin da ba wanda ya lura da shi. A wannan yamma ta ce akuyarmu ta daina tuƙa, ko igiya ta shaƙe ta. Aka duba, haka ne.

Ni kuwa shirun nan azaba ne a gare ni. Duk tsawonsa ina shirya amsar da za ta fi ta kowa. Da aka zo kaina na miƙe tsaye, na ce na ji kura a kan dutse, biyu ma, kuma ban ji tsoro ba.

Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi. Saja take kirana, don ina yawo da tsohuwar hular sojan babana wadda take rufe mini ido.

"Zauna, Saja, kada kura ta ganka ta suma. Ba kura ka ji ba, maigidana. Kanka ka ji. Yau tatsuniyar taka ce, ku matso, ga ta nan ta gangaro daga bayan dutse."

Da C'lela, yarenmu, ta ba da ita, tana sa Hausa inda ta ga dama. Ni da Hausa zan kawo ta, a taƙaice, bi da bi.

Akwai wani saurayi, Tanko, wanda ba a taɓa ganin mai huɗa irinsa ba. A ƙasarmu saurayi yakan yi golmo, wato shi da tsaransa su yi wa iyayen yarinyar da zai aura noma shekara bayan shekara. Tanko ya gama nasa, amma bai ajiye garma ba. Duk inda aka kira gayya, daga Manga har Kanya, yana kan gaba, makaɗi na bin sa yana kiran sunansa, 'yan mata na share masa gumi. Yakan gama kunya uku kafin wani ya gama ɗaya. Uwarsa gwauruwa ce, tana da 'yar gona a bayan dutse inda ba hanya, ba mai wucewa. Kullum yakan ce mata gobe.

Wata damina wani yaro ya taso da sabon ƙarfi, makaɗin ya koma bayansa. Tanko ya ɗaga garma ya ji ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Ya kai wa maƙeri, ya ce garma ta lalace. Tsohon ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce a bar masa ita kwana uku, amma gyaran ba zai kama ba sai mai garmar ya hau falalen dutsen da ke bayan ɗakin uwarsa ya zauna, kada ya yi magana, kada kowa ya gan shi.

Rana ta farko Tanko bai ji komai ba sai kiɗa a cikin kansa. Ya wuni yana tsara abin da mutane ke faɗa a kan rashinsa. Rana ta biyu ya leƙa ƙasa ya ga an tafi gona, an dawo, an ci abinci, ba wanda ya nemi inda yake. Ya yi fushi har ya yi kuka. Rana ta uku ya gaji da fushin, kiɗan ya yi nisa, ya mutu. Ya fara jin numfashinsa. Bayan haka ya ji kurciya. Bayan haka ya ji daka daga gidansu.

A nan Kaka ta tsaya, ta ɗauki muciya ta buga a kan kututturen da take zaune, sau uku.

"Kun ji? Itace a kan itace. Turmin da ke da hatsi ba haka yake amsawa ba."

Tanko ya sauko ya leƙa ta katanga. Uwarsa tana daka turmi wanda babu ko tsaba a ciki. Kowace yamma, idan matan unguwa suka fara daka, ita ma takan fara, don kada a ce uwar babban manomi ba ta da abin dakawa. Ya buɗe rumbu ya tarar da ɓeraye ma sun ƙaura. Ya karɓo garmarsa, wadda maƙeri bai ko taɓa ba, ya zagaya bayan dutse.

Kaka ta ce ta sauke tatsuniyar a nan, mai so ya ɗauka. Ni ban yarda ba. Na tambaye ta ko makaɗin ya dawo, ko Tanko ya sake kayar da yaron nan a gayya.

"Ina zan sani, Saja? Bayan dutse ba kowa. Wa zai kawo labari?"

Na kwanta ina ganin tatsuniyar ba ta da ƙarshe mai kyau. Na ma yanke cewa tsufa ne ya sa ta manta sauran.

Na girma na shiga soja, sunan tsokana ya zama na gaskiya. Na yi aiki da tsari, ban taɓa makara a fareti ba, ba kuma na jin kunyar faɗin haka. Na auri Saratu, mace mai haƙuri, 'yar Manga. Da na ajiye kaki muka dawo Zuru, na kafa doka a gidana: ƙarfe bakwai, bayan tuwo, a shimfiɗa tabarma a zauna hira. Hira nake kiranta. Ni ke magana. Ina ba da labarin bariki, da manyan da suka yaba mini, da kogin da na haye da wani kofur a kafaɗata ana harbi. Saratu kullum tana zaune ta hannun damana, tana ɓarar gyaɗa ko tana ɗinki, tana gyaɗa kai. Na sha gaya wa abokaina cewa ba macen da ta kai tawa iya sauraro.

Ta rasu shekara biyu da suka wuce, ƙarshen damina. A zaman makoki na tsara komai: inda maza za su zauna, inda mata za su zauna, wanda zai yi addu'a da fari. Duk wanda ya zo gaisuwa na ba shi labarin yadda na kai ta asibiti, yadda na kwana uku a kan benci, yadda likita ya ce bai taɓa ganin miji irina ba. A rana ta uku, da mutane suka watse, Rifkatu ta zo ta durƙusa a gabana kamar yadda ta saba. Muryarta ba ta tashi ba.

"Baba, wane kunnen Mama ne ba ya ji?"

Na ce kunnuwan uwarta lafiya lau suke.

"Na hagu ne. Shekara goma sha ɗaya, tun zazzaɓin nan. Ta gaya maka sau biyu a gabana. Duka biyun ka ce kai ma ƙarar bindiga ta taɓa naka, ka ci gaba da labarin kogi."

Wanda ya zauna ta damanka, kunnensa na hagu yake ba ka. Ban san ko da gangan ta zaɓi wurin ba, ko kuwa wurinta ne tun da can ta ga babu amfanin sakewa. Ba zan taɓa sani ba. Washegari Rifkatu ta shiga mota.

Wata shida ina fushi. Na ce yarinya ta ci mutuncina a cikin makoki. Na rubuta mata takarda mai shafi huɗu, na tashi tsaye a tsakar ɗaki na karanta da ƙarfi don in ji ko ta yi daidai. Ba kowa a gidan, sai muryata tana dawo mini daga bango. Sunan Rifkatu sau ɗaya ya fito, a sama. Sunan uwarta bai fito ba ko kaɗan. A nan ne Tanko ya faɗo mini a rai, na zauna a bakin gado, na daɗe ban tashi ba.

Tun daga lokacin na sa wa kaina wani fareti. Kowace safiya bayan addu'a ina fitar da kujera ƙofar ɗaki. Da farko in zauna, hannu a kan gwiwa. Na biyu in bi numfashina, shiga da fita, ba tare da na gyara shi ba. Na uku shi ne mai wuya: duk sa'ad da zuciyata ta fara ba da labarin da ni ne jaruminsa, ko ni ne wanda aka zalunta, in lura ta fara, in ƙyale ta, in koma kan numfashi. Ba na zagin kaina, don na gano zagin kai ma wata hanya ce ta zama a tsakiyar fili.

Makonnin farko banza ne. Kaina cike yake da jawabi. Sannu a hankali aka fara samun 'yan ramuka na shiru, a cikinsu kuma abubuwa suka riƙa fitowa waɗanda idona ya gani amma ban taɓa dubawa ba. Yadda Saratu take juya duk jikinta idan an yi sallama. Yadda ta daina zuwa ƙungiyar waƙa ta mata a majami'a, ni kuwa na ce lalaci ne. Sai kuma kogin. Wata safiya na gan shi yadda yake. Ba ni na ɗauki kofur ba. Shi ya ɗauke ni, don ƙafafuna sun ƙi motsi saboda tsoro. Na juya labarin tun ina saurayi, na maimaita har na yarda da shi. Wannan ne karo na farko da na faɗi gaskiyarsa, kuma mutumin ya daɗe a kabari.

Watan jiya na shiga mota zuwa Dirin Daji ba tare da aike ba. Rifkatu ta shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi shiru tana jiran in fara, kamar kullum. Na tambaye ta yaya jikinta. Sai na rufe baki.

Labarin hanya yana kan harshena, da na gwiwata, da na direban da na tsawata wa. Na bi numfashina. Can ta ce bayanta yana damunta tun haihuwar autanta, wani dare ba ta iya juyawa. Kafin in ankara bakina ya riga ni.

"Ai ni ma bayana..."

Ta ɗago ta dube ni. Na tsaya.

"Ci gaba, ɗiyata. Ta wane gefe?"

Ta kau da kai, na ga kafaɗarta tana rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ta nuna mini gefen. Ta yi magana kusan awa guda, a kan bayan, a kan babban ɗanta da ba ya son makaranta, a kan uwarta. Wasu maganganun sun yi mini zafi. Ban kare kaina ba, ko da yake sau biyu na buɗe baki na sake rufewa. Da ta raka ni tasha ta ce mai yiwuwa ta leƙo bayan girbi, idan aiki ya yi sauƙi. Ba ta yi alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Yanzu dawa ta nuna, an fara yanka a gonakin da ke bakin hanya. Na share ɗakin uwarta, na wanke tulu. Idan mota ta tsaya a kan titi nakan ji, don kunnuwana, duk da abin da na daɗe ina faɗa, ba abin da ya same su. Ko za ta zo, ban sani ba.

Kai da ka karanta wannan, abu ɗaya nake roƙo. Yau, kafin ka kwanta, ka je wurin wanda ya fi daɗewa tare da kai a gida, ka tambaye shi ina ke masa ciwo. Idan ya fara faɗa, naka ciwon zai taso maka a baki. Ka haɗiye shi, ka bari ya gama. Kada ka ce sai gobe.