Jinjina ga Hajiya Ummussalma, Wadda Ta Zaunar da Nu'uman a Aji

Kafin rana ta ɗaga, Hajiya Ummussalma ta riga ta share barandar ƙaramin asibitin Farin Dutse, ta shimfiɗa wa mata tabarmi, ta rataye ma'aunin jarirai a reshen darbejiya. Haka take tun shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, lokacin da aka turo ta daga Birnin Kudu tana matashiyar ma'aikaciyar lafiya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Sunanta bai taɓa fita a rediyo ba, amma akwai gidajen da ba a shafa addu'a sai an sako ta.

Ɗaya daga cikinsu gidan Mairama ne, matar Malam Mika'ilu direba, mai jigilar fasinja tsakanin Gwaram da Kano. Shekaru da yawa da suka wuce, ɗansu Nu'uman yana aji uku a firamare, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. A ba shi saƙo, kafin ya kai zaure ya manta. Ana tsakiyar karatu zai miƙe ya bi ƙadangare. Bulala ta ƙare a jikinsa, maƙwabta na cewa iskoki ne, wasu na cewa Mairama ce ta sangarta shi. Har uban ya yanke shawarar cire shi daga makaranta ya mai da shi yaron mota.

Ana cikin haka Nu'uman ya faɗo daga katanga, goshi ya fashe. Mairama ta kawo shi tana kuka. Ummussalma ta ɗinke wurin, tana lura da yadda ƙafarsa ba ta daina rawa ba.

"Me ya ci da safe?" ta tambaya.

"Malama, ina yake tsayawa cin abinci? Shayi ne da sukari, sai alewar da babansa ke kawo masa, da lemon leda mai launin nan."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

Ummussalma ta ce, "Mairama, yaron nan ba fitinanne ba ne, kuma ba laifinki ba ne. Ina zaton lalurar rashin natsuwa ce. Ku kai shi wurin likitan yara a Kano ya duba shi. Abinci ba zai cire ta ba, kada in ruɗe ki. Amma yaron da hankalinsa ke tsalle, in aka haɗa masa da yunwa da zaƙi zalla, an ƙara masa nauyi. Mu gwada mu gani."

Mairama ta ce ranar ce ta fara jin wani ya ambaci ɗanta ba tare da tsaki ba.

Likitan Kano ya tabbatar da zatonta, ya ba da tasa shawarar. Ita kuma ta ɗauki ɓangaren tukunya: kunun gyada da ƙosai kafin fita, dafaffen ƙwai in an samu, wake da zogale da rana, ɗan kifi a miya, nono maimakon lemon leda. Ba ta ambaci abin da babu shi a kasuwar Gwaram ba.

Wuyar aikin tana wurin uban. Da ya ji an hana alewa, ransa ya ɓaci. Ummussalma ta same shi a tasha yana goge gilashin mota.

"Malama, wuni nake a hanya," in ji shi. "In na dawo, alewar nan ce kaɗai ke sa ya rugo ya rungume ni. Ita ma za ku raba ni da ita?"

"Malam Mika'ilu, kai yake rugowa, ba alewa ba. Kawo masa ayaba, ko gyaɗa, ku zauna ku ɓare tare. Kuma don Allah ka bar min shi ya ƙarasa zangon karatun nan."

Ya daɗe yana murza tsumman hannunsa kafin ya ce, "To, na bar miki."

Daga nan ta wuce makaranta, ta roƙi malamin ajin ya ajiye bulala, ya dawo da yaron layin gaba, ya riƙa sa shi goge allo don ya sami dalilin miƙewa.

Sauyin bai zo da gudu ba. Lokacin sallah ma, da alewa ta yawaita, komai ya dagule, Mairama ta kusa fid da rai. Ummussalma ta zo har gida, ta zauna bakin murhu ta taya ta tsince wake, ta ce a sake farawa. Wata rana da yamma Mairama ta leƙo daga kicin, ta ga Nu'uman durƙushe yana kwafe rubutu, ya cika shafi guda bai tashi ba. Ta koma ciki a hankali don kada ya ga hawayenta.

Bai warke sarai ba. Har yau yana manta makullinsa, kuma ba ya son dogon zama. Amma ya gama sakandare, yana da shagon gyaran wutar mota a Birnin Kudu, da mata da 'ya'ya biyu.

Hajiya, ke ce kika dubi yaron da gari ya gaji da shi kika ga mai lalura. Ke ce ba ki kunyata uba ba, ba ki ɗora wa uwa laifi ba. Uwar 'ya'yan wasu, mai sanyin hannu! Daga Farin Dutse har Wurno, iyaye mata na koya wa juna abin da kika koya musu, wasunsu ba su ma san daga bakinki ya fito ba.

Mun gode. Allah ya sa hutun nan ya zo da lafiya, ya saka miki da gidan Aljanna. Malamai da iyaye da ma'aikatan lafiya masu tasowa, ku yi koyi da ita. A kowace unguwa akwai yaron da ake shirin sallamawa, kuma mutum ɗaya mai haƙuri ya ishe shi.