Inda Fetur Ya Ƙare wa Ladan Mai Auren Mangwaro

Duk wanda ya taɓa shan mangwaro mai aure tsakanin Yako da Ƙafin Maiyaki, da wuya a ce wuƙar Malam Ladan ba ta bi ta kan bishiyar ba. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya yanko reshen iri mai kyau, ya tsaga ƙaramar bishiyar da ta fito daga ƙwallo, ya haɗa su, ya naɗe da leda. Mutum ne mai son awo. A elementare ya haddace cewa inci goma sha biyu ƙafa ɗaya ne, kuma ya yi tafiya a zamanin da fararen duwatsun mil ke tsaye a bakin hanya, kowanne da lambarsa. Da aka koma kilomita ya koyi lissafin, mil biyar kilomita takwas, amma kansa bai taɓa barin mil ba.

Da tsohon babur ɗinsa ya gaji, 'yarsa Ikram, mai aikin jinya a Kano, ta saya masa sabo, irin wanda ake haɗawa da waya. Manhajar kan nuna masa da manyan lambobi nisan da fetur ɗin tanki zai kai shi, abin da idonsa ba ya iya karantawa a ɗan gilashin babur ɗin.

"Baba, in bar maka ita a kilomita?"

"Mayar min da ita mil. Ni kilomita ba mu taɓa tafiya tare ba."

A farkon wata damina aka aiko masa daga wani ƙauye bayan Doguwa cewa iska ta kayar da mangwaron da mahaifinsa ya shuka. Iri ne marar zare, mai ƙamshin zuma, kuma babu na biyunsa. Guda biyun da Ladan ya taɓa aurawa a Yako gara ta cinye su, tun daga nan kullum cewa yake sai baɗi zai sake auro irin. Yanzu baɗi ta ƙare. In rassan suka bushe, irin ya tafi ke nan.

Ya isa ya tarar da bishiyar kwance, ganyenta da sauran rai. Ya zaɓi rassa bakwai masu ido, kowanne inci shida, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Niyyarsa ya kai su Yako, inda 'yan dashensa ke jira, kafin su yi yaushi. Ya duba waya, ta ce man tanki zai kai shi mil arba'in. Gidan man da ya saba da shi mil talatin ne. Mai bumburutu a bakin ƙauyen ya ɗaga masa galan, ya wuce shi, don ba ya yarda da man da bai san asalinsa ba.

Rana na take tsaka babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Hannunsa ya tafi neman makunnin risab, mai sako ɗan man ajiya, ya tuna wannan sai a tsohon babur. Ya dubi kwalbatin da ke gabansa ya gane shi, a nan dutsen mil ya taɓa tsayawa. Daga ƙauyen zuwa nan mil ashirin da biyar ne, wato kilomita arba'in cif. Sai ya tuna da safe wayar ta ce manhajar ta sabunta kanta. Ashe tun lokacin kilomita take ƙirga masa, tana laƙaba mata sunan mil.

Ba sabis, ba mota. Maƙogwaronsa ya bushe, amma ruwan gorarsa a kan buhun ya juye shi. Ya kama ƙahon babur ya fara turawa. Bai yi nisa sosai ba ya leƙa rassan, ya ga kansu ya fara laushi. Ba za su kai Yako a haka ba.

Can ya hango wata ruga, a bayan bukkokin kuma ga 'yan mangwaro huɗu, kaurinsu kamar yatsa. Ya karkata. Maigidan, Abdulmumini, na zaune a inuwa yana tufkar igiya.

"Salamu alaikum. Barka da hutawa."

"Lale, Baffa. Kai ke hawan babur ɗin ko shi ke hawanka?"

"Yau shi ne maigida."

"Fetur dai babu. Nono akwai, in yana sha."

"Ba fetur nake roƙo ba. Waɗancan 'yan bishiyoyin na wane ne?"

"Na Allah ne. Yara suka jefar da ƙwallo."

Ladan ya warware buhun ya faɗa masa asalin rassan. Abdulmumini ya girgiza kai. "Awakina za su yi maka godiya, Baffa. Ko rigarka ka shanya sai sun ɗanɗana."

"To ara min adda."

Ya durƙusa, gwiwa na ƙara, ya aura rassa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shiga saran ƙaya. Abdulmumini ya ajiye igiyarsa ya tashi, suka kewaye kowace bishiya da shinge. Sai bayan nan Ladan ya karɓi ƙoƙon nono. Da la'asar wani mai babur ya zuƙo masa mai kaɗan daga tankinsa.

Rassa ukun da suka kai Yako ba wanda ya kama. Na rugar kuwa biyu suka yi toho.

Daga baya Ikram ta gaya masa masu manhajar sun gyara kuskurensu. Ya ce madalla, a bar masa ita a mil, amma yanzu ba ya tashi sai ya tsoma wani sanda da ya zana wa inci a cikin tanki. Bana bishiyoyin biyu suka fara 'ya'ya. Ladan ya je da wuƙarsa da jiƙaƙƙen buhu, tanki cike taf, ya yanko rassa ya kawo Yako.